Na sa wa laftof sabon SSD, ta ƙi tashi

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Masana a taimaka mani. Laftof ɗina HP ce, Core i5 ƙarni na 6. Tsohon hadisk mai gigabait 500 ya fara ƙara yana saɓi, sai na cire shi na sa SSD, wato sabuwar irin ma'ajiyar bayanai da ke maye gurbin hadisk, mai gigabait 256, irin na SATA ɗan inci 2.5. Ina kunnawa sai baƙin allo da rubutun "Boot Device Not Found", a ƙasa kuma "Hard Disk (3F0)". SSD ɗin ne ya zo da matsala, ko wani abu ne ban yi ba?

Mai Gyara Daga Daura:
Wa alaikumus salam. Kafin ka zargi SSD ɗin, sabo ka saya ko an ɗora mashi Windows? In sabo ne, babu komai a ciki. Windows ɗinka na cikin tsohon da ka cire, kuma wannan rubutun cewa kawai yake na'urar ba ta sami abin da za ta tashi da shi ba.

Abin da za ka fara tabbatarwa shi ne ko tana ganin SSD ɗin. A wannan allon danna F2, shiga gwajin ma'ajiya, ka zaɓi gajeren gwaji. In ya wuce lafiya, ɗora Windows kaɗai ya rage. In ta ce babu hadisk, to haɗin ne. Kashe ta, zare caja, cire batir, riƙe maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 15, sannan ka buɗe. Yawancin SSD kaurinsu milimita 7 ne, wasu tsofaffin hadisk kuma 9.5, shi ya sa sabon kan yi lilo a gurbin in ba a maida ƙarfen da ke riƙe shi ba. Kwance ƙarfen daga jikin tsohon ka ɗaura wa sabon da notinsa huɗu. In ƴar siririyar waya ce ta haɗa shi da madabod, wato babban faifan cikin na'urar, ɗaga murfin bakinta da farce, tura ta ta zauna sak, ka rufe. Kada ka ja ta da ƙarfi, saurin tsagewa gare ta, kuma samunta ya fi samun SSD wuya.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Na gode Oga. Sabo ne dal, kuma gwajin ya wuce. An ba ni filash mai Windows, amma in na danna F9 ba ya fitowa a jerin abubuwan da na'urar za ta iya tashi da su.

Malamar Kwamfuta:
Ƙanena, mai yiwuwa kwafe fayil ɗin ISO, wato fayil guda da ke ɗauke da Windows, kurum aka yi a kan filash ɗin, kuma hakan ba ya tashi. Nemi wata kwamfutar da filash mai gigabait 8 ko fiye, ka kwashe abin da ke ciki don za a goge shi. Yi amfani da Rufus ko Media Creation Tool na Microsoft, manhajojin da ke shirya filash ya iya tada kwamfuta. Tanadi data, fayil ɗin ya haura gigabait 5.

Inda mutane ke sarƙewa shi ne tsarin filash (GPT ko MBR) da na BIOS, wato saitin tashin na'ura (UEFI ko Legacy), su saɓa. In ka zaɓi GPT a Rufus, BIOS ta kasance a UEFI. In MBR ne, sai Legacy. A taka laftof ɗin ka bi GPT da UEFI. Danna F10 lokacin kunnawa don shiga BIOS, ka duba an yarda na'urar ta tashi daga USB, ka adana, sannan F9. In har yanzu shiru, kashe Secure Boot, wani tsaro ne a cikin BIOS, na ɗan lokaci, ka sauya ramin USB.

Idan ka iso wurin zaɓen inda za a ɗora, za ka ga fili guda da ba a raba ba. Zaɓe shi ka wuce, Windows zai yanka ƙananan ɓangarorinsa da kansa. In ya ƙi yana maganar GPT ko MBR, danna Shift da F10 tare, wurin rubuta umarni zai buɗe, ka rubuta diskpart, sai list disk. Dubi girma ka gane SSD ɗin, zai nuna kimanin gigabait 238, ba 256 ba, kuma hakan daidai ne. Sai select disk da lambarsa, clean, convert gpt, exit. Karanta lambar sau biyu, domin clean ba ya tambaya, in ka zaɓi filash ɗin shi zai share.

Injiniya KT:
Duk abin da Malama ta ce haka ne, sai dai ni ba na son mai koyo ya kashe Secure Boot da wuri. Filash ɗin da Media Creation Tool ya haɗa yana tashi ba tare da an taɓa shi ba, a fara da wannan.

Kada ka sayi lasisi. In Windows na asali ne ya zo da na'urar, a wurin tambayar lamba danna cewa ba ka da ita, ka zaɓi irin wanda kake da shi a da, Home ko Pro. Da ka hau intanet zai kunna kansa, don lasisin na tare da madabod. Ka sani kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a hukumance daga ƙarni na 8 na Intel ya fara, taka ba ta ciki.

Cika batir kafin ka fara. In batirin ya mutu, jira wuta mai ɗorewa ko ka tada janareto, don ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki na sa a koma farko.

Tsohon hadisk ɗin kuma kar ka yar, kar ka yi ta kunna shi tunda yana ƙara. Sayi ɗan akwatin da ke maida SATA zuwa USB, ka jona shi bayan ka gama, ka fara kwashe takardu da hotuna kafin bidiyo. In ya nemi lambar BitLocker, makullin Windows da ke rufe bayanan hadisk, lambobi 48 ne, duba cikin asusunka na Microsoft. Kuma tunda ka riga ka buɗe ta, share ƙurar da ta taru a fanka da busasshen buroshi kafin ka rufe, ka riƙe fankar da yatsa kada ta riƙa juyawa.