Bil ɗin ƙiyasi na wutar lantarki da iyakar da aka sa masa: nawa kuke biya a gidajenku?

Mai ɗinki, Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Abin da ya sa na buɗe wannan zance shi ne takardar bil ɗin wuta da na tarar an saƙala mana a ƙyauren gida shekaranjiya. Gidanmu ciki biyu da falo ne, ba mu da mita. Kayan wutarmu ba su wuce fanka biyu, ƙwayaye shida, talabijin da ɗan ƙaramin firji ba. Keken ɗinkina ma na ƙafa ne. Amma bil ɗin wata ɗaya ya kai naira 38,000, ga bashin baya a ƙasa kullum sai ƙara tsawo yake. Na je ofishin kamfanin wuta aka ce in fara biyan rabi kafin a saurare ni. Na sha jin ana cewa hukuma ta sa iyaka ga abin da za a caji marar mita. Shin akwai wanda iyakar nan ta taɓa yi wa rana? Don Allah kowa ya faɗi abin da ya faru da shi, ban da ji-ta-ji-ta.

Tsohon malamin makaranta, Zariya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni ta yi mini rana, amma sai da na sha rana kafin nan. Iyakar gaskiya ce. Hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ce ta fitar da umarnin a watan Fabrairun 2020. Sai dai inda yawancinmu muke kuskure, muna zaton naira aka ƙayyade. Yawan yunit aka ƙayyade. Ana duba abin da masu mita a layin da ke ba ku wuta suke sha, a fitar da matsakaici, a ce kada a rubuta wa marar mita fiye da haka. Kowane layi da nasa adadin, kuma hukumar tana wallafa shi duk wata a shafinta na intanet.

Na shekara ina biya ina ƙunƙuni ban san da wannan ba. Ɗana ne da ya zo hutu ya ɗauki takardar bil ya nuna mini wurin da aka rubuta sunan layin da ke ba mu wuta, da wurin da aka rubuta yunit. Ya buɗe jadawalin a wayarsa, muka bi da yatsa har muka samu layinmu. Abin da aka rubuta mini ya kusa ninka abin da aka yarda. Wallahi a ranar na ji kamar an zare mini ƙaya, domin na samu abin da zan nuna, ba ihu kawai ba. Na rubuta takardar koke, na yi kwafi biyu, na sa aka buga mini hatimi a nawa. Ka'ida ta ba kamfanin wuta kwana 15 na aiki ya amsa. Da shiru ya yi yawa na kai ofishin sauraron koke na hukumar, kuma bayan wata biyu aka zare rarar daga bashina.

Ki sani ba ke kaɗai ba ce. A Fabrairun 2024 hukumar da kanta ta bayyana cewa kamfanonin rarraba wuta 11 sun caji marasa mita fiye da ka'ida da kusan naira biliyan 105 tsakanin Janairu da Satumban 2023, ta ci su tarar biliyan 10.5, ta kuma ce a mayar wa mutane haƙƙinsu.

Maman 'yan biyu, Kaduna:
Baba Malam, Allah ya saka da alheri, wannan bayani ne mai amfani. Ni kuwa ina da mitar kati, kuma ina so Yaya mai ɗinki ta san cewa mita tana kawo kwanciyar hankali amma ba ta kawo sauƙin farashi. Unguwarmu tana rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana. A farkon Afrilun 2024 muka wayi gari an ce yunit ɗinmu ya tashi daga wajen naira 68 ya koma 225. Daga baya aka ɗan sauko da shi zuwa 206.80, aka sake mayar da shi 209.50. A da in na sa katin dubu goma ina samun yunit sama da 130. Yanzu in an haɗa da haraji 44 ne da ɗoriya.

Abin ya sauya mana zaman gida gaba ɗaya. Na ajiye hitar dafa ruwa a saman kwaba, na koma gawayi. Guga ranar Lahadi kawai, kayan makarantar yara da na maigida a lokaci guda. Firji ina kashe shi bayan isha'i in kunna da asuba. Babbar 'yata ta iya karanta mitar fiye da ni, kullum kafin ta kwanta sai ta haska ta da tocila ta ce "Mama saura tara." Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranakun da wutar ba ta cika awa 20 ɗin ba, amma kuɗin rukunin A muke biya. Na fara rubuta lokacin ɗaukewa da na kawowa a bayan kalanda.

Ɗalibi a Ingila:
Iyayena da yayyena, ku ba ni dama in sa baki daga nesa, domin nan ma maganar iyaka ta ruɗe ni. A nan hukumar Ofgem ce take ƙayyade farashin wuta da gas na gidaje tun Janairun 2019, kuma yanzu duk wata uku take sabunta shi. Na iso a ƙarshen 2022, ana tsakiyar tsadar gas bayan yaƙin Rasha da Yukiren. A lokacin iyakar za ta kai fam 3,549 a shekara, sai gwamnati ta shiga ta tsayar da ita a fam 2,500. Ni da abokin zamana muka ɗauka ma'anarsa ko me muka kunna ba za mu wuce haka ba. Sanyin Disamba ya shigo, irin wanda hunturun Jos ma bai kama ƙafarsa ba, muka bar na'urar ɗumama ɗaki tana aiki dare da rana. Da bil ya zo sai da na zauna a bakin gado na yi ta salati.

Ashe wancan adadi misali ne na gida mai matsakaicin amfani. Abin da aka ƙayyade farashin kowane yunit ne, da wani kuɗi da ake cira kullum ko ka kunna ko ba ka kunna ba. Ka sha da yawa, ka biya da yawa. Da na karanta bayanin Baba Malam sai na ga namu da naku kamar an juya riga ne: nan an ɗaure farashi an saki yawa, ku kuma marasa mita an ɗaure muku yawa, farashi yana iya tashi ya ja bil ɗin sama.

Tsohon malamin makaranta, Zariya:
Haka ne ɗana, ka fahimta daidai. Shi ya sa wanda aka mayar da layinsa rukunin A ba tare da mita ba ya fi kowa shan wuya. Irin wancan kuɗin na kullum mu ma mun taɓa biyan makamancinsa duk wata, aka soke shi a 2016.

Magidanci a gidan haya, Gombe:
Ni matsalata ta cikin gida ce. Mu takwas ne a gidan haya, bil ɗaya ake kawo mana da sunan mai gidan da ya rasu tun tuni. Duk ƙarshen wata sai an zauna a tsakar gida ana ƙirga ƙwan kowa da fankar kowa, wane yana da dutsen guga, wance tana sayar da ƙanƙara. An yi ɓacin rai a kan wannan har mutum biyu suka daina gaisawa. A ƙarshen Oktoban 2024 da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, mun yi sama da mako ba mu ga ko ƙyallinta ba. Mai ƙanƙarar nan jarinta ya narke. Bil ɗin da ya biyo baya kuwa bambancinsa da na watan da ya gabata kaɗan ne. Da mun san da jadawalin nan da mun duba. Baba Malam, idan sunan mamaci ne a takardar, za a karɓi kokenmu?

Tsohon malamin makaranta, Zariya:
Ku rubuta da lambar asusun da ke jikin bil ɗin, ɗaya daga cikinku ya sa hannu, ku haɗa da rasit ɗin da kuka biya. Ku kuma yi magana da magada a gyara sunan, domin za a buƙace shi ranar da za ku nemi mita. Hajiya mai ɗinki, abu ɗaya nake roƙonki: in masu tsani sun zo yanke wuta kada ki ba da na goro a bar ki. Kuɗin ya tafi, bashin yana nan a takarda, wata mai zuwa kuma za su dawo.

Mai ɗinki, Kano:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba Malam, na riga na yi wannan kuskuren sau biyu, ba zan sake ba. Yanzu na zazzage jakar da nake ajiye takardu, na samu bil na wata bakwai da rasit biyar. Na ga sunan layinmu a sama ta hannun dama, ban taɓa lura da shi ba. Ƙanina zai zo bayan la'asar mu duba jadawalin, ranar Litinin in Allah ya kai mu zan kai takardar. Maƙwabciyata gwauruwa ce mai marayu huɗu, bil ɗinta ya fi nawa, na ce ta kawo nata mu duba tare.