Musayar Waƙa: Saye a Kusa da Gona

Mai Awo, Dawanau:
Assalamu alaikum. Batunmu na wannan mako shi ne sayen abincin da aka noma a kusa da mu. Amsa-amo "ra", kowa ya ɗora a kan na gabansa. Bismillah.

Da sunan Allah zan fara,
Mai ba mu dawa da masara.

Ku zo kasuwa da kaka,
Sanda manoma suka tattara.

Buhu tiya arba'in ne,
A auna gabanka, ka lura.

Wanda ya saya a Nuwamba,
Bai kukan tsada da bazara.

Ka ciji ƙwayar masara,
In ta ce ƙas, ɗauki ka ƙara.

In ta lotsa a haƙori,
Da lema, ajiyarta asara.

Busasshen gishiri a kwalba,
Zuba hatsi ciki, ga dabara:

Girgiza, in ya manne gefe,
Sai shanya, rana za a ƙara.

Uwargida, Fagge:
Malam, na ji batun kaka,
Sai dai zancen da sauran gyara.

Shinkafar gida da tsakuwa,
Tana fasa haƙoran yara.

Sai an rege sau uku a ƙwarya,
'Yar waje ko, wanke ka ɗora.

Wani sa'in ga wari-wari,
Miya ba ta yi mata sutura.

Wake kuma ana mai feshi
Na guba, dole a yi hattara.

In kuna so mu ci na gida,
Ku ba mu amsa, ban da gadara.

Manomin Rani, Kura:
Hajiya, tambayarki daidai,
Ga amsa, ki ɗan saurara.

Ba a zangarniya tsakuwa take ba,
Shanyar bakin titi ke kwaso shara.

A shimfiɗa tamfol a yi bugu,
A kansa a baza shanshera.

Wari kuwa, jiƙo ne ya daɗe,
Kwana uku, har tsami ya fara.

Ruwan ɗumi, dare ɗaya ya isa,
Da safe a tsane a turara.

In ƙaiƙayi ya soma tsagewa,
Sauke, kar ta dahu ta kumbura.

Ta sha rana kaɗan, sai inuwa,
Daga karyewa a inji a tsira.

Tambayi mai shago kafin ki biya:
Ta bi injin tsakuwa, an gyara?

Jamila ce ko FARO 44,
Nemi ta bana, ba ragowar bara.

Tun 1974 Dam ɗin Tiga
Ke tsaye, shi ke shayar da Kura.

Kuɗinki na zuwa ga mai yanka,
Ɗan dako, da matan da ke turara.

Malamin Gona, Samaru:
Maganar wake gaskiya Hajiya ta faɗa. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari da aka samu a ciki. Abin da Turawa suka ƙi, bai kamata ya shiga tukunyarmu ba.

Fiya-fiya ba ta abinci ba ce,
Mai zuba ta a wake, tuna Lahira.

Hajiya, sayi a hannun manomi,
Sabon bugu, kafin dillalai su tara.

Ɗebi a tafi ki shinshina,
In da warin magani, kar ki kuskura.

Nemi buhun PICS mai ciki uku,
Leda biyu, na waje na sutura.

Kafin zubi ki duba ledar,
Cika ta da iska, a ciki ki hura.

In tana saki, akwai huji,
Ko na allura, ya jawo asara.

Zuba wake, matse iskar waje,
Murɗe baki, igiya ki ɗaura.

Kowace leda ɗaurinta daban,
Ta ciki ce za a fara.

Ƙwaro ba ya rayuwa ba iska,
Shi da ƙwansa, babu mai tsira.

Ɗora buhun a kan katako,
Nesa da bango, nesa da ɓera.

Jarka ma na yi, in an cika ta,
A toshe murfi, kar iska ta zura.

Mai Kayan Gwari, 'Yan Kaba:
Baba Malam ya gama da wake,
Bari in shigo da jan Kadawa,
Tumatirin da ya nuna a gona,
Yau an tsinka, gobe a ɗora.

Wanda za a kai shi Legas,
Tun bai ja ba ake tsinkewa,
Kwando kan kwando a mota,
Na ƙasa ya matse, ya koma shara.

Kasuwar Kwanar Gafan a Fabrairu,
Kaya sun yi yawa, ga sauƙi,
Sayi kwando, yanka biyu-biyu,
Shanya a bisa, nesa da ƙura.

In ta bushe har tana karyewa,
Kauɗa ke nan, rufe a mazubi,
Da damina in gwari ya yi tsada,
Jiƙa ki niƙa, miya ta gyara.

Ɗanye kuwa, randa cikin randa,
Yashi tsakani, ana jiƙa shi,
Safe da yamma, tsumma a baki,
A inuwa, inda iska ke hura.

Mohammed Bah Abba ya yaɗa wannan
A Jigawa, ba wuta ba inji,
A 2000 ya karɓi lambar Rolex,
Kan tukwanen ƙasa da dabara.

Duba ɗan huji a gindin hanci,
Tsutsa ce ta shige, bar shi,
Irinta ce ta cinye gonaki
A 2016, aka sha asara.

Ɗan Galmi, Nijar:
Yaya, miyarki ba albasa?
Ga ta Galmi, ku matsa in ƙara.

Mai ruwan goro, mai ƙamshi,
Ta Aliero ma ba ta da makara.

Taɓa wuyanta kafin ciniki,
Siriri, busasshe, shi za a lura.

Mai kaurin wuya ba ta kwana,
Daga nan ruɓa ke fara.

Manomi ya yanke ban-ruwa
Mako biyu kafin a cira.

Wadda aka ɗura wa taki,
Girma gare ta, ajiya asara.

Kar a ƙulle ta cikin leda,
Zufa za ta yi ta tsira.

Baza ta a kan gadon kara,
Iska ta bi ƙasa, ta sama ta hura.

Duk mako a bi a tsince
Mai laushi, kar ta shafi saura.

Uwargida, Fagge:
Na gode, Allah ya saka,
Malam Mai Awo, ka saurara:

Wake tiya goma, sabon bugu,
Da buhun gero don fura.

Zan zo da gishiri da kwalba,
Ran Alhamis, kafin a yi kira.