Neman kalma: "spinal shock" da "neurogenic shock" da Hausa

Likitan ƙashi: Salamu alaikum. Ina neman Hausar kalmomi biyu da kullum ake buƙata idan an kawo wanda ya karya wuya: "spinal shock" da "neurogenic shock". Wasu na fassara duka biyun da "gigita", alhali majinyacin yana cikin hayyacinsa, kuma abubuwan ba ɗaya ba ne.

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam, Likita. Fayyace mana kowanne tukuna.

Likitan ƙashi: Na farko a lakar kanta yake. Da ta ji rauni, duk abin da ke ƙasa da wurin sai ya saki: hannu da ƙafa su yi laƙwas, a buga gwiwa da gudumar gwaji ba ta zabura, fitsari ya tsaya sai an sa roba. Yakan ɗauki kwanaki ko makonni. Na biyu kuwa na jini ne. Idan raunin yana wuya ko saman ƙirji, saƙon da ke matse hanyoyin jini yakan yanke. Sai su buɗe, lambar sama ta awon jini ta sauka ƙasa da 90, bugun zuciya ya gaza 60 a minti, fata kuma da ɗumi.

Malamin Hausa: To na farkon "sumar laka" ne. Suma ba mutuwa ba ce, ana farfaɗowa. Na biyun kada a ce "ƙarancin jini", wannan wani ciwo ne daban. Tunda muna cewa hawan jini, sai a ce "faɗuwar jini ta laka".

Ma'aikaciyar jinya: Malam, na biyun ya zauna. Amma "suma" tana ba ni tsoro, domin dangi na jin ta za su ɗauka cewa zai tashi ya yi tafiya. Abin da ke dawowa zaburar gaɓoɓi ce, har ma ƙafa ta riƙa sandarewa. Motsi na son rai ba lalle ya dawo ba.

Likitan ƙashi: Gaskiyarki, Sista. Sai mu riƙa haɗawa da bayani: sai laka ta farfaɗo ake sanin girman ɓarnar. Na karɓi duka biyun. Raba faɗuwar jini ta laka da ta zubar jini ma yana da muhimmanci ga magani. Mai zubar jini zuciyarsa gudu take, jikinsa sanyi ƙalau, jini yake buƙata. Mai faɗuwar jini ta laka, in aka yi ta ɗura masa ruwa leda bayan leda, ruwan a huhu zai taru. Ruwa daidai gwargwado, sannan noradirenalin, maganin da ke matse hanyoyin jini, a riƙe matsakaicin awon jini tsakanin 85 da 90 har kwana 7. In bugun zuciya ya ragu sosai, musamman lokacin zuƙe majina daga maƙogwaro, a ba da atirofin, maganin da ke ƙara bugun zuciya.

Ma'aikaciyar jinya: Kuma wanda ya yi haɗari, kada a rubuta masa "faɗuwar jini ta laka" sai an duba ciki da ƙirji da ƙugu an tabbatar ba ya zubar da jini, domin biyun kan haɗu a mutum ɗaya.