Nairobi zuwa Mombasa da tsohuwa a mota, zai yiwu kuwa?

Salam 'yan uwa na Bauchi, don Allah wanda ya san Kenya ya taimaka min. Shekara ɗaya kenan da aiki ya dawo da mu Nairobi, yarana tun da aka kai su Yankari suka yi wanka a Wikki ba su da zance sai giwa, na musu alkawarin wannan hutun za mu bi ta gandun dajin Tsavo mai giwaye mu wuce Mombasa su ga teku. To yanzu Hajiyarmu ta zo daga Bauchi kuma tana fama da ciwon gwiwa, ko Bauchi zuwa Gombe sai an tsaya ta miƙe ƙafa, nan kuwa wajen kilomita 480 ne ga tireloli cike da hanya, ni kuma har yau hannuna bai gama sabawa da tuƙin hagu ba.

Maman yara ta ce mu hau jirgin ƙasa mu sauka Voi, garin da ke bakin dajin Tsavo, Hajiya ta ce ita mota take so ta ga gari, wallahi na rasa ta cewa. In mun kwana a Voi tafiyar za ta mata sauƙi? Kuma ƙaramar mota tana shiga dajin ko sai an ɗauki haya?