Wane ƙaramin tsarin kwamfuta za a fara tadawa cikin burauza?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum manya. Ƙannenmu masu karatun kwamfuta a Danfodiyo na son gwada irin tsarukan sarrafa kwamfuta (kamar Windows) da masu sha'awa sunka rubuta da hannunsu, amma ba su son taɓa Windows ɗin laftof ɗinsu. Da mi za su fara?

Malam na Dundaye: Wa alaikumus salam. Su shiga v86 a copy.sh, shafi ne mai kwaikwayon kwamfuta cikin burauza, ba abin da za a girka. Su fara da KolibriOS. Da asembili, yaren da ke ba furosesa umarni kai tsaye, anka rubuta shi, shi ya sa duk da tagoginsa da wasanninsa ya shige fulofi guda, ƙaramin faifan nan na da mai 1.44 MB. Data kaɗan zai ci. Haiku da ReactOS nauyi gare su, a bari sai an samu wayfai.

'Yar Runjin Sambo: Malam, a ƙara masu da wanga: v86 ba ya ɗaukar tsarin da ya wuce bit 32. TempleOS bit 64 ne, ko an kwana ana dannawa ba ya tashi. Shi sai irin su QEMU, manhajar kwaikwayon kwamfuta da ake girkawa.

Ɗan Mabera: Yaya, wanda ya rubuta nashi fa?

'Yar Runjin Sambo: Nan amfanin yake, ƙanena. Sashen farko na faifai bayit 512 ne cif, biyun ƙarshe 0x55 da 0xAA. In babu su, BIOS, shirin da ke fara tada kwamfuta, zai tsallake faifan. Ya mai da rubutunsa na asembili fayil ɗin faifai da `nasm -f bin boot.asm -o boot.img`, ya cike girman da `truncate -s 1474560 boot.img`, sannan ya zaɓi fayil ɗin a gurbin fulofi. Daga na'urarsa ake karanta shi, ba ya cin data. In rubutu ya fito a hargitse, galibi an manta `org 0x7C00` ne, ko ba a mai da DS (rajistar furosesa mai nuna sashen bayanai) sifili ba, alhali a adireshin 0x7C00 BIOS ke aje shirin.

Na Gawon Nama: Don Allah kada su rufe shirin da `jmp $`, umarnin da ke maimaita kansa ba iyaka. Furosesa ba za ta huta ba, fanka ta yi ta kuka, ga zafin Sakkwato a watan Afrilu. Su sa `cli` sannan `hlt`, su ke tsai da ita.

Malam na Dundaye: Gaskiya ne Alhaji. Kuma da an rufe shafin aikin ya tafi, to su riƙa danna Save State tun kafin a ɗauke wuta batir ya mutu. In linzami ya maƙale cikin allon, Esc ke sakin shi.