Allon cinya ga ɗalibin tuƙin jirgi: a saya ko a haƙura?

Sabon ɗalibi: Salamu alaikum manyanmu. Ana ta cewa in nemi allon nan da ake ɗaurawa a cinya, wanda ake ce wa planshet. Ɗalibin da bai wuce zagayen fili ba a nan Yamai, yana da buƙatarsa? In akwai, wane iri?

Malamin tuƙi: Wa alaikumus salam ƙanena. A zagayen fili ba ka da abin rubutawa sai hanyar da ake tashi a kanta da QNH, wato lambar matsin iska da ake sa wa agogon tsayi, rabin takarda ya ishe ka. Idonka waje ake so, ba kan cinya ba. Ranar da aka fara koya maka tafiya daga gari zuwa gari, nan ya zama dole. Ɗauki Yamai zuwa Tawa: kusan mil 200 na teku, a Cessna 172 wajen awa biyu. Kana riƙe da taswira, da takardar lissafin hanya, da lambobin rediyo, hannun hagu kuma yana kan sitiyari. Ina za ka aza su?

Nemi marar kwalliya, girman A5, wato milimita 148 da 210, da matsi a sama da roba mai faɗi ta ɗaurewa. Masu ninki uku da aljihu barkatai ba na ƙaramin jirgi ba ne.

Ma'aikaciyar hasumiyar kula da jirage: Malam, ni dai ina ganin ya fara tun yanzu, ko don hannunsa ya saba. Abin da matuƙi zai maimaita wa hasumiya sananne ne: hanyar tashi ko sauka, QNH, lambar taransifonda (na'urar da ke nuna jirgi a radar), tsayi da alƙiblar da aka ba shi. Ɗalibin da ba ya rubutawa a nan yake cakuɗa su. A ce an ba ka QNH 1008 ka sa 1018. Kowane hPa ɗaya, wato ma'aunin da ake ƙirga QNH da shi, kusan ƙafa 28 ne, ke nan agogon tsayi zai nuna maka kana sama da inda kake da wajen ƙafa 280. Cikin hazon hunturu wannan ba abin wasa ba ne.

Ka ja layukanka tun a ƙasa, kowane abu da gurbinsa, kullum wuri ɗaya, lamba kawai za ka cike. Lambar taransifonda daga 0 zuwa 7 take. In ka ga 8 ko 9 a takardarka, kunne ya yi kuskure, sake tambaya. Lokaci kuma da UTC, wato agogon duniya, ake rubuta shi, agogon Nijar yana gaba da awa ɗaya.

Malamin tuƙi: Gaskiyarki Hajiya, amma da sharaɗi: a zagayen fili ya rubuta jirgi na tsaye, ƙafa kan birki. Ba a rubutu ana gangarowa sauka.

Makaniken jirgi: Nawa bayanin na abin da allon ke ɓatawa ne. Kafin ka kunna inji, gyara kujera yadda za ka zauna, ɗaura allon, sannan ka jawo sitiyari har ƙarshe, ka murɗa shi hagu da dama iyakarsa. A 172 ƙahon sitiyarin ne ke dukan bakin allon idan an jawo an murɗa tare, balle ga mai dogayen ƙafafu. Jirgi mai sanda tsakanin ƙafafu, irin DA40, gefen allon ne ke tare sandar. Ko taɓawa ya yi, a sauke shi wajen gwiwa, a karkata shi waje, ko a canza ƙarami. Lokacin da kake buƙatar sitiyari ya kai ƙarshe shi ne lokacin sauka da iska ta gefe, ba nan za ka gano ba.

Sai fensir. Wanda ya faɗi yakan gangara ƙarƙashin fedal ko cikin layin kujera. Ɗaure shi da zare kamar santimita 40, ka soke na biyu a jikin allon. Bik yana zubar da tawada a zafi, ƙura kuma na kashe bakinsa.

Kada ka sayi mai maganaɗisu, kuma kada ka aza allon ƙarfe a saman dashbod kusa da kamfas. Zai ja allurar, ka yi ta bin alƙiblar ƙarya. Alminiyom ko roba mai tauri ba su da wannan matsala.

Sabon ɗalibi: To Injiniya, in na sa tablet fa? Na ga komai yana ciki.

Makaniken jirgi: Apple da kansu sun ce iPad daga digiri 0 zuwa 35 yake aiki. Yamai a watan Afrilu da Mayu ana wuce 40 a inuwa, balle cikin jirgin da ya sha rana a fili. Sai ya nuna maka alamar zafi ya rufe kansa, kuma ba ya sallama. In za ka ɗauka, cire masa riga, kawar da shi daga rana, takardarka tana nan kusa.

Tsohon matuƙi: Yaro, abin da za a ɗora a kai ya fi allon muhimmanci. Shafin sama na hanya ne: wurin da za ka gane daga sama, alƙibla, nisa, lokacin da kake sa ran isa, lokacin da ka isa, man da ya rage. Daga Yamai alƙiblar Tawa wajen digiri 065 ce kafin gyaran iska, kuma Balleyara na kusa da layin, wurin gwada lissafinka na farko ke nan. 172 tana shan lita 30 zuwa 35 a awa, ka duba mai duk minti 30 ka rubuta. A ƙarƙashi, jerin binciken jirgi da zanen filin da za ka sauka da na wanda za ka kauce zuwa gare shi. A bakin allon da manyan lambobi: 121.5, tashar rediyo ta gaggawa, da lambobin taransifonda 7700 na gaggawa da 7600 na mutuwar rediyo. Taswira a ninke ta tun a gida, hanyarka kawai a buɗe. Mai ma'aunin 1/1.000.000 santimita ɗaya kilomita 10 ne.

A sa roba ta biyu a ƙasan takardun. Ana tafiya a ƙasa taga a buɗe saboda zafi, iskar farfela sai ta kwashe su.

Rubutu a sama kuma ɗan kaɗan-kaɗan: daidaita jirgi ya tsaya da kansa, rubuta lamba ɗaya, ɗaga kai. Cikin ƙura, inda sama da ƙasa suka haɗe, fiffike na iya karkata kana sunkuye jikinka bai gaya maka ba.

Sabon ɗalibi: Na gode ƙwarai. Saura ɗaya Malam, ni bahago ne. Wace cinya?

Malamin tuƙi: Ta hagu, amma hannun da kake rubutu da shi shi ne mai sitiyari, sai ka karɓa da dama kafin ka ɗau fensir. A 172 gefen hagu ya matse da ƙofa, don haka gwajin da Injiniya ya faɗa ka yi shi ƙofa a rufe. Kuma kafin ka kashe kuɗi, ari na wani ka zauna da shi a jirgin da kake koyo. In ya dace, allon matse takarda na shagon littattafai da roba mai faɗin yatsa uku, tela ya ɗinka maka, sun wadatar.