Yaron ƙanwata yana ta ramewa, ina za mu dosa a Zariya?

Maman Ilham, Tudun Jukun:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema kan ƙanwata da ke aure a Gyallesu. Mijinta keke Napep yake ja, mai keken ya karɓe abinsa tun kafin azumi, yanzu sai buga-buga. Yaronsu watansa 15, ta yaye shi da wuri saboda ciki ya shiga. Kunun gero zalla yake sha. Ya rame, gashinsa ya yi ja, ba ya wasa, ko kama bango da yake yi ya daina. Surukarta ta ce shan ciki ne, ana ta ɗura masa jiƙo. Ni kam hankalina bai kwanta ba. Ana cewa akwai shirin taimakon yara a asibitocin unguwa. Da gaske ne, ko rubuta suna kawai ake yi? Ƙanwar tawa kunya take ji, wai kar a ce ta je bara.

Anti Nas, Ƙofar Doka:
Wa alaikumus salam. Maman Ilham, don Allah kar ku kai jibi. Abin da kika lissafa alamun tamowa ne, kuma tana da magani. Yau ɗin nan ki danna bayan ƙafafunsa biyu da yatsa ki ƙirga uku. In wurin ya lotsa bai taso ba, kumburi ne, ku wuce babban asibiti kai tsaye, Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan ko asibitin koyarwa na Shika. Haka ma in ya ƙi cin komai ko yana gudawa ba tsayawa.

In babu kumburi, ku je asibitin sha-ka-tafi ku ce a auna masa dantse. Akwai wani ɗan tef mai launi uku. In ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, ana sa shi cikin shirin abincin nan na leda da ake haɗawa da gyaɗa da madara da mai da sukari. Kyauta ne, amma ba kowane asibiti ke da shi ba, sai ku tambaya inda ake bayarwa. Magani ne, nasa ne shi kaɗai, ba a raba wa yayye. Na san da wuya a gidan da kowa ke jin yunwa, amma in aka raba, ba wanda zai warke.

Ku tafi da katin rigakafinsa, a duba ko ya samu ta ƙyanda ta wata 9 da ta wata 15, da bitamin A da ake ɗigawa duk wata shida. Uwar ma ta fara awon ciki. A gida kuma ku koma kunun Tom Brown: gwangwani 6 na gero ko dawa, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa, a soya a niƙa. A yi shi da kauri, a zuba ɗan manja ko garin zogale. Surukar kuwa kar ku yi musu da ita, ku roƙe ta ta raka ku. Kakar da ta ga tef da idonta ita ce ke tsare maganin.

Malam Na-Samaru:
Allah ya saka wa Anti. Ni malamin firamare ne, zan ƙara abu ɗaya da ake mantawa. Yaron da ya yi tamowa ba cikinsa kaɗai ke buƙata ba. A Kingston ta ƙasar Jamaika, a 1986 zuwa 1987, an ɗauki yaran talakawa da girmansu ya tsaya, ma'aikatan lafiya suna zuwa gida duk mako har shekara biyu suna nuna wa iyaye yadda za su yi wasa da hira da su. Bayan shekara 20 aka bi sawunsu, aka tarar kuɗin da suke samu ya fi na takwarorinsu da ba a koya wa iyayensu wasan ba da kusan kashi 25 cikin ɗari. Kayan wasan ma na gida ne. Gwangwani da murfin kwalba sun isa. A riƙa kiran sunan abubuwa ana nuna masa, a yi masa waƙa, in ya yi gwaranci a amsa. Ina gane irin waɗannan yaran a aji tun makon farko. Uwa mai ciki da damuwa ba za ta iya ita kaɗai ba, Maman Ilham, nan ne naki aikin.

Baban Khalifa, Sabon Gari:
Ku sa mijin a ciki tun farko. Namijin da ya rasa sana'a yana jin nauyi, in aka yi abu a bayansa sai ya hana fita. A samu wanda yake jin maganarsa, ko limamin unguwa. Mun yi irin wannan da 'yata, ranar karɓa wani lokaci a ce kaya bai iso ba, mu dawo hannu rabbana, amma ba mu fasa komawa ba, yanzu tana aji biyu. Abincin ledan da ake sayarwa a kasuwa kuma haƙƙin wani yaron ne, kar ku saya.

Maman Ilham, Tudun Jukun:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na je na danna ƙafar, ba ta lotsa ba, alhamdulillahi. Maigidana ya yi wa mijin magana ya amince, surukar ma ta ce za ta bi mu gobe da safe. Anti Nas, waken suyan sai an jiƙa an cire ɓawon kafin a soya, ko haka nan ake soya shi?